Sukarin da Ke Saman Kukis

A 'yan shekarun nan kukis ya sami wurin zama a farantin Sallah, ya shiga tsakanin cincin da dubulan da alkaki kamar da ma can ɗan gida ne. Baƙo ne dai. Sunansa daga bakin mutanen Holan ya fito, inda kalmar take nufin ƙaramin kek, Amurkawa suka ara suka yaɗa ta. Irin wanda nake magana a kai kuwa, wanda ake yankawa da siffar tauraro ko zuciya a shafa masa farin sukari mai sheƙi a sama, abin bikin Kirsimeti ne a gidajen Amurka tun kafin hotunansa su iso wayoyin matanmu. Ban ga aibin baƙuntarsa ba. Alkama da mai da sukari sun daɗe a madafinmu, kuma duk wanda ya taɓa cin gireba ya san ɗan'uwanta ne na kusa. Ni ma ina yin sa sau biyu ko uku a shekara, kuma ina jin daɗin yin sa.

Abin da ya sa na ga ya cancanci a yi maganarsa a inda aka saba jin batun hawan jini da zazzaɓin cizon sauro shi ne wata magana da nake yawan ji a tagar ba da magani a makon da ke biye da Sallah. Dattijo mai ciwon sukari zai miƙo katinsa, in duba in ga awon da aka yi masa da safe ya haura yadda ya saba, in ce, "Baba, me ya faru a kwanakin nan?" Sai ya ce, "Wallahi 'yata ban sha lemo ba, ban sa sukari a shayi ba. Ɗan biskit ɗin nan da jikokina suka yi ne nake taɓawa, uku da safe, uku da yamma." Kuma gaskiyarsa yake faɗa. A idonsa guda uku ba wani abu ba ne, tunda ko tafin hannu ba su cika ba. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan hatsi haka ne. A kan sukarin da ya narke ya ɓuya cikin kwaɓi kuwa, ido ba ya gane komai sai an ɗora a sikeli.

Saboda haka bari in fara da yadda nake haɗa nawa, don lissafin da zai biyo baya ya sami tushe. Ina auna fulawa giram 300, bota giram 150, sukari giram 120, ƙwai ɗaya, rabin cokalin shayi na bakin hoda, ɗan gishiri da ɗan filebo na banila. Da gangan na faɗe su da giram. Gwangwanin da muke awo da shi yana da sassauci: fulawar da aka tankaɗe aka zuba a hankali da wadda aka danna da hannu ba nauyinsu ɗaya ba, kofi guda zai iya ɗaukar giram 120 a hannun wata, ya ɗauki 150 a hannun wata. Sukari kuma ya fi fulawa nauyi ƙwarai, kofi ɗaya na tsakinsa ya kai giram 200. Aikina ya saba mini da awo, domin a ɗakin haɗa magani ba a cewa "ɗan kaɗan", amma ƙaramin sikelin girki bai fi ƙarfin yawancin gidajen da ke iya sayen bota ba.

Ana buga bota da sukari har su yi haske su yi laushi, a fasa ƙwai a ci gaba da bugawa, sannan a zuba fulawar da aka riga aka gauraya da bakin hoda da gishiri. Da zarar ya haɗe jikinsa sai a tsaya. Yawan murza yana tayar da danƙon alkama, abin da ake so a burodi da fanke, amma a kukis tauri yake kawowa. Daga nan sai a naɗe kwaɓin a leda a sa a firji na rabin awa zuwa awa guda. Wannan mataki ne girke-girken ƙasashen sanyi ke ambata a taƙaice, mu kuwa a nan shi ne rabin aikin, domin a zafin bazara bota tana narkewa tun tana hannu, in aka gasa kwaɓin a haka tauraron da aka yanka zai baje ya koma kamar ƙosai da aka taka. Idan babu wutar lantarki, a yi kwaɓin da asuba, a ɗora kwanon cikin wani babba mai ruwan randa ko ƙanƙara.

A murza shi ya kai kaurin rabin santimita. Ni da bakin ƙaramin gwangwanin tumatir nake yankawa, yana ba ni guda 30 ko kusa da haka. A gasa a zafin digiri 180 na minti 10 zuwa 12, a cire da zarar gefensa ya fara sauya launi ko da tsakiyar tana da sauran laushi, zai ƙarasa ƙarfi yana hucewa. Wadda ba ta da abin gashi na zamani tana iya zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta ɗora farantin ƙarfe a kai, ta rufe ta zuba garwashi a kan murfin, kamar yadda iyayenmu ke gasa kek. Sai dai a yi wannan a tsakar gida. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, a rufaffen ɗaki tana kashe mutum yana zaton barci ne ke ɗaukarsa.

Shafin saman shi ne abin da ya bambanta wannan kukis da sauran, kuma shi ne inda nake so mai karatu ya tsaya da ni. Haɗinsa ba wuya: garin sukari mai laushi kamar hoda giram 150, da ruwan lemon tsami kimanin babban cokali biyu, ana ɗigawa kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya zama idan an ɗaga cokali ya zubo kamar zare, layinsa ya ɓace bayan 'yan daƙiƙu. Ba a dafa shi. Ruwan ya yi ƙaranci ya narkar da sukarin duka, sai ya jiƙa ƙwayoyinsa kawai ya manna su da juna, idan ya bushe ya bar ɓawo mai santsi. Shi ya sa tsakin sukari ba ya yi, ƙasa-ƙasa zai riƙa yi a haƙori. Garin da ake sayarwa a kwali ana sa masa ɗan sitacin masara don kada ya dunƙule. Wadda ba ta samu ba tana iya niƙa nata a bilenda ta tankaɗe da rariya mai laushi. Kada dai a kai injin unguwa, in ba ana son kukis mai ɗanɗanon barkono ba. Kuma sai kukis ya huce sarai ake shafawa, in da sauran ɗumi shafin zai tsiyaye.

Akwai wani nau'in shafi da ake haɗawa da ɗanyen farin ƙwai, wanda ya fi tauri ya fi kyan zane, shi ne ake yawan gani a hotuna. Ba na yin sa, ba na kuma ba da shawararsa ga gidan da ke da mai juna biyu, ko ƙaramin yaro, ko tsoho, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda ciwo ko magani. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai haddasa gudawa da zazzaɓi, kuma wannan shafi ba ya ganin wuta bayan an haɗa shi. Dalilin ke nan ma da ya sa nake hana yara lasar kwanon kwaɓi, domin ban da ƙwan, ita kanta fulawa ɗanyen abu ce da ba a kashe ƙwayoyin cutar cikinta ba. Batun launi kuma, a sayi kalar abinci mai lambar hukumar NAFDAC a jikinta, a ƙyale hodar da ake ƙullawa a leda ba suna ba adireshi. Ni nakan jiƙa ɗan zoɓo a ruwa kaɗan in ɗiga, tsamin lemon yana fito da jansa ya ba da launi mai kyau.

Yanzu ga lissafin. Sukari giram 120 da aka sa a kwaɓi, idan aka raba wa guda 30, kowane ya sami giram 4, wato cokalin shayi ɗaya. Shafi giram 150 kuwa, in an tsoma fuskar kowane an ƙarar da shi duka, giram 5 ke nan a kan kowane. Ashe wannan siririn farin ɓawo da bai kai kaurin farce biyu ba ya fi dukan jikin kukis ɗin sukari. Jimilla giram 9 a guda ɗaya, fiye da cokalin shayi biyu. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, wanda ga babban mutum ya kama kimanin giram 50, ta kuma ce in aka iya saukowa zuwa rabin haka, wato giram 25, ya fi alheri. Guda uku na kukis ɗinmu giram 27 ne. Dattijon da ya ci shida ya wuce giram 50 bai taɓa kwalbar lemo ba, alhali shi wannan ma'auni ma don masu lafiya aka yi shi.

Ga mai ciwon sukari lissafin bai ƙare nan ba, domin jikinsa ba ya bambanta zaƙin harshe da sitaci. Kusan kashi uku cikin huɗu na farar fulawa sitaci ne, wanda hanji ke mayarwa sukari cikin ɗan lokaci. Daga giram 300 kowane kukis yana samun sitaci sama da giram 7. A haɗa da giram 9 na sukari, an sami kimanin giram 16, abin da ya yi daidai da yankan burodi guda. Da an ce wa Baba ya ƙara yankan burodi shida a kan abincinsa na yini zai ce a'a da kansa. Amma da yake abin ƙarami ne, mai ado, kuma daga hannun jika ya fito, bai shiga lissafinsa ba.

A danginmu akwai gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta shekara fiye da goma da wannan ciwo. Shekaru da dama abin da ake yi mata ranar Sallah shi ne da an ji sallamarta sai a janye faranti a tura ƙarƙashin gado, a kawo mata ruwa da gyaɗa. Mace ce mai kawaici, ba ta cewa komai, amma tana gani, kuma ba ta daɗewa take cewa za ta koma. Daga baya 'yarta ta gaya mini cewa idan ta isa gida takan aiki yaro ya sayo mata biskit na kanti, ta ci ita kaɗai a ɗaki, ba mai ƙirga mata. Wannan abu ya tsaya mini a rai, domin irinsa nake gani a wurin aiki: wanda aka hana komai yakan ci a ɓoye, wanda ya ci a ɓoye kuma ba ya gaya wa likita, sai a yi ta ƙara masa magani ana mamakin awon da ya ƙi sauka. Ranar da na fara kai mata nata a ƙaramin faranti, guda biyu, na zauna na yi mata wannan lissafi, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce, "To ke 'yar nan, da ma abin da lissafi ne aka bar ni ina ta haɗiyar yawu?" Na ce, "Da lissafi ne, Gwaggo, amma lissafin ba ya wuce biyu."

Nata daban nake yi. Ba na tsoma shi a shafi. Ina zuba shafin a ƙaramar leda, in huda kusurwarta, in ja siraran layuka a kai. Ta haka giram 50 yana isar guda 30, kowane bai kai giram 2 ba, kuma ido yana ganin adonsa, harshe yana jin tsamin lemon da zaƙin. Tana ci bayan abincin rana mai miyar ganye da nama, ta rage malmalar tuwo ko shinkafa gwargwadon abin da ta ƙara, ba a kan yunwa ba, ba kuma da lemon kwalba ba, wanda da yawa daga cikinsa ke ɗauke da sukari giram 10 ko fiye a kowace mililita 100. In ta gama takan ɗan zaga tsakar gida. Tana da na'urar gwaji, don haka bayan awa biyu takan duba. Ga yawancin manya masu wannan ciwo ana son awon bayan cin abinci ya tsaya ƙasa da 180, ko ƙasa da 10 a na'urorin da ke amfani da ɗaya ma'aunin, sai dai in likita ya sa wa mutum nasa adadin. Wanda awonsa ya riga ya yi sama tun da safe, ko yake fama da gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, ko mai juna biyu da ciwon ya taso mata, wannan rangwame ba nasu ba ne sai sun yi magana da mai duba su.

Akwai dabarun da jama'a ke yi don su kauce wa lissafin, kuma kusan dukansu nakan ji su a taga. Wata za ta ce ta sauya sukari da zuma ko mazarƙwaila, tunda su na gargajiya ne. Mazarƙwaila ruwan rake ce da aka dafa ta daskare, uwa ɗaya uba ɗaya da farin sukari. Zuma kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nata sukari ne, tana da darajarta, amma jini yana karɓarta a matsayin sukari. Ba a kuma ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Wani zai ce ya ci zaƙi amma ya bi shi da ruwan shuwaka ko na darbejiya, wai ɗaci yana kashe zaƙi. A harshe yake kashe shi. Abin da ya riga ya sauka hanji yana nan yadda yake. Masu zaƙin roba kuma, irin su sakarin, ba sa yin shafi, domin a shafi sukarin shi ne ginin gaba ɗaya, kuma ko an sa su a kwaɓi sitacin fulawa bai je ko'ina ba.

Dabarar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta ƙara magani. Mutum ya ci kukis da yawa da yamma, sai ya haɗiyi ƙwaya biyu maimakon ɗaya don ta "wanke". Idan metfomin ce, yawanci murɗawar ciki da gudawa zai samu. Idan kuwa gilibenkilamaid ce, wadda da yawa suka fi sani da sunan Daonil, ko allurar insulin, to hatsarin babba ne, domin aikin ƙwayar yana daɗewa fiye da sukarin da aka ci. Kukis zai gama nasa cikin 'yan awoyi, maganin ya ci gaba da jan sukarin jini ƙasa cikin dare, musamman ga tsoho ko mai raunin ƙoda. Alamomin su ne gumi mai sanyi, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, da rikicewar magana. Idan awo ya sauka ƙasa da 70 kuma mutum yana cikin hayyacinsa, a jiƙa masa sukari giram 15, kimanin cokalin shayi huɗu, a ruwa ya sha, a sake gwadawa bayan minti 15. A irin wannan hali kukis ba shi ne abin ba wa mutum ba, duk da zaƙinsa, domin man da ke cikinsa yana jinkirta shigar sukarin jini. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa da shi nan take.

Yara su ne sauran masu rabo a wannan faranti. Abin da ya fi cutar da haƙoransu shi ne yawan lokutan da zaƙi ke taɓa su, domin duk sanda ya taɓa, ƙwayoyin cutar baki suna mayar da shi tsami mai cin ɓawon haƙori. Yaron da ya yi yawon Sallah gida goma, kowane gida aka ba shi ɗaya, haƙoransa sun wuni cikin tsami. Gara a tara masa a leda ya ci rabonsa lokaci guda bayan abinci, ya kuskure baki, da dare a goge masa da man goge baki mai fuloraid.

Idan an gama shafi sai a bar kukis a shimfiɗe, ba a ɗora wani kan wani ba, har ya bushe. Da hunturu awa biyu ko uku sun isa, da damina yakan kwana bai gama ba, kuma in aka yi gaggawar rufe shi zai yi gumi ya manne. Bayan ya bushe a jera a mazubi mai murfi, zai yi mako guda lafiya. A nan ne nake da roƙo ɗaya da ya fito kai tsaye daga aikina. Mu ma a harkar magani muna shafa wa wasu ƙwayoyi sukari mai launi don a ɓoye ɗacinsu, kuma jar ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu tana cikinsu: santsi, sheƙi, zaƙi a farkon lasa, ba ta da maraba da alewar da ake barbaɗawa a saman kukis a idon ɗan shekara biyu. Ƙwayoyin ƙarin jini idan yaro ya haɗiye su da yawa suna iya kashe shi, ƙwaya ɗaya tak ta gilibenkilamaid kuma ta isa ta kayar da sukarin jinin ƙaramin yaro har ya suma. Gidaje da yawa kuwa a tsohon gwangwanin biskit suke tara magungunansu, wanda yaro ya riga ya sani a matsayin gidan daɗi, ga kuma jakunkunan baƙi da ake ajiyewa a ƙasa ranar Sallah da magani a ciki. A sauya wa magani mazubi, a ɗaga shi inda hannu ba ya kaiwa, a rataye jakar Kaka a ƙusa. Idan kuma aka ga yaro da buɗaɗɗen kwalin magani, ko da yana wasa yana dariya, a ɗauke shi tare da kwalin a tafi asibiti, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a ga abin da zai faru.